Ƙwan Fitilar Mai Firij

Sista ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma ranar da ta yi ritaya ba ta baro tsaftar asibiti a asibiti ba, gida ta kwaso ta. Cokali ba ya kwana da maiƙo a gidanta. Baƙo ya ajiye kofi, kafin ya gama hamdala ta ɗauke ta goge wurin. Abu ɗaya ne ya gagare ta a gidan nan kaf, shi ne tankin mijinta.

Mijin nata, wanda duk unguwa ke kira Mai Firij saboda sana'arsa ta gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ya kafa wani tankin gilashi a falo mai tsawon gadon mutum ɗaya. Ruwan gishiri ne a ciki irin na teku, da 'yan kifaye masu launi, amma ba kifin ne abin alfaharinsa ba. Murjani yake kiwo. Ba na wuyan mata ba, mai rai, wanda ke tsirowa a jikin dutse ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani kore, wani ruwan hoda, wani bakin rassansa shuɗi. Da haske wannan halitta take rayuwa, tamkar shuka, don haka sama da tankin akwai manyan fitilu biyu rataye da sarƙa, irin da ake kira metal halaid, masu zafin da in ka matsa kusa sai ka ji goshinka yana gasuwa.

Doka ɗaya ya kafa mata tun ranar da aka zuba ruwan farko. "Ki wanke ni ma in kin ga dama," in ji shi, "amma kada tsummanki ya taɓa tankin nan." Haka ta yi ta kallon gishiri yana bushewa a jikin fitilun, fari fat, ɓawo kan ɓawo, tana haɗiye takaici.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a bakin aiki. Ya dawo daga asibiti hannun dama a naɗe, ƙafar dama tana ja, magana kuma ta tafi, ba abin da ya rage masa sai "to" da "a'a". Likitan gashin ƙashi ya ce zai iya tashi in ya sa kansa, amma Mai Firij bai sa kansa ba. Kullum da safe Sista za ta zaunar da shi a kujera gaban tankin, nan zai wuni. Ita ke ba kifin abinci, ita ke ƙara ruwa kamar yadda ta sha ganin yana yi, sauran kuwa ba ta taɓa.

A hankali murjanin ya fara sauya kama. Kore ya koma ruwan ƙasa, shuɗin bakin rassan ya dushe, wani gansakuka mai yauƙi ya soma hawa duwatsun. Abin da ya tayar wa Sista hankali shi ne yadda mutumin ke bin tankin sawu da ƙafa. In launi ya ragu, loma ta ragu. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa da hannun dama ya ture ta ƙarƙashin kujera. Ta yi jinyar mutane da yawa, ta san kamannin wanda ya fara sakin igiya, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Babban ɗansu, wanda ƙannensa suka laƙaba wa Akanta tun kafin ya zama akantan gaske, ya zo ya tsaya ya dubi tankin ya dubi uban.

"Umma, abin nan mutuwa yake yi, kuma a gaban idonsa," ya ce da ita a kicin, murya ƙasa ƙasa. "Wannan ai azaba ce. Na samu wani mai kiwon irinsa, zai zo ya kwashe ƙarshen wata mai zuwa. Sai mu sa gadon asibiti a wurin, falon ma ya huta da zafi."

"In ka fitar da tankin nan, me zai tashe shi da safe?"

"To in ya mutu a gabansa fa, Umma?"

Ta san yaron ba mugunta yake yi ba, tausayi ne irin na masu lissafi. Ta dai ce ya ba ta zuwa lokacin. In abin bai gyaru ba, ita da kanta za ta riƙe wa mutumin ƙofa.

Washegari ta ɗebi ruwan tankin a kwalba, ta ɗauki hotonsa a waya, ta nufi shagon kifin ado da mijinta ke zuwa. Shago ne siriri a bayan layin masu sayar da tayal, ciki duk ƙarar famfo da warin teku. Mai shagon, wani dogo mai tabarau a goshi, ya gane ta da ta faɗi ko matar wa ce, ya yi mata jaje, ya ɗiga magunguna a ruwan yana ɗagawa sama yana dubawa.

"Hajiya, ruwanki lafiya lau. Yaushe rabon da a canza ƙwan fitilar?"

"A canza? Ai yana ci. Haske har kashe ido yake yi."

Ya yi dariya. "Nan ne kowa ke faɗuwa. Wannan ƙwan ba ya mutuwa irin na ɗaki, ya yi fat a huta. Ci zai yi ta yi, ke kina ganin haske, amma ƙarfinsa ya zube, launinsa ya karkata zuwa rawaya. Gansakuka na son haka, murjani kuwa yunwa yake ji. Shekara guda ce iyakarsa. Maigidanki ya kusa shekara biyu bai zo ya saya ba, har na ɗauka wani shagon ya koma."

Ya faɗaɗa hoton a wayar har ya karanto rubutun jikin akwatin da ke ba fitilar wuta, wanda ya ce sunansa balas. Dole ƙarfin ƙwan ya dace da nasa, in ba haka ba ko ya ƙi kamawa ko ya ƙone. Sannan ƙwan iri biyu ne, akwai mai murɗawa, akwai mai baki biyu da ake maƙalawa, nasu mai baki biyu ne. Ya gwada tallata mata fitilun zamani marasa zafi, ta ce a'a, abin da mutumin ya sani shi za ta mayar masa.

"Saura launi," ya ce, ya kai ta gaban wasu tankuna uku a jere. Na farko haskensa fari ne tas, ya ce murjani ya fi saurin girma a ƙarƙashinsa amma ba ya ƙayatarwa. Na ƙarshe shuɗi ne sosai, komai na ciki yana ƙyalli kamar an shafa masa fenti, sai dai girman a hankali. Na tsakiya yana tsakani. "Maigidanki ya sha gwada su duka. Ban tuna wanda ya tsaya a kai ba."

Sista ta bi tankunan uku da kallo. Shekara da shekaru tana harar tankin nan, ashe harara ma kallo ce. Ta tuna yadda hasken ke sauka a farin tayal na falonta, yadda yake sa labulenta ya yi kamar an wanke shi da bula. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ta nuna na tsakiya.

Yana naɗe mata guda biyu yana jero gargaɗi. A kashe wuta a bar tsohon ya huce. Kada a cire gilashin da ke ƙasan ƙwan a bar shi haka, don shi ke tare hasken da ke ƙona ido da fata. Kada kuma yatsa ya taɓa sabon ƙwan, maiƙon hannu yana lalata shi.

"Ɗana," ta ce, "tun ba a haife ka ba nake sa safar hannu."

Wani ya shigo da kifi a leda yana kururuwar kifin zai mutu, mai shagon ya juya wurinsa. "Sauran duk maigida ya sani," ya ce da ita ta kafaɗa. Ya manta cewa maigidan da ya sani ba shi da bakin faɗa.

Ta jira har Mai Firij ya shiga barcin rana. Ta kashe wuta, ta bari ya huce, ta sa safar hannu, ta hau teburi da shekarunta. Ƙwan farko ya fita, ƙarshensa ya yi baƙi. Ta maƙala sabo, ta koma na biyu. Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma ga gilashin ƙasan fitilar a hannunta, gishiri ya toshe shi har ba a ganin tafin hannu ta cikinsa. Ga kwanon da ke mayar da haske ƙasa ya dushe kamar tsohuwar tukunya. Hali zanen dutse. Ta sauko ta ɗauko ruwan tsami da sabon soso, ta dirje na dirjewa, ta goge na gogewa, ta huce haushin shekaru a yammacin nan. Da ta gama, kwanon yana nuna mata fuskarta.

Ta mayar da komai wurinsa, ta kunna. Irin fitilar nan ba ta kamawa farat ɗaya, sai ta fara da ɗan ja ja, ta yi ta tsuma tana ƙaruwa. Da ta kai ƙarfinta falon ya koma wani wuri dabam. Haske yana rawa a kan yashin ƙasan tankin, kifaye suna walƙiya. Sista ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba, ta je ta taso shi tana murmushi.

Yana ɗaga ido ya ga fitilun, fuskarsa ta canza.

"A'a!" ya ce. "A'a! A'a!" Yana dukan hannun kujera da hagu, yana nuna sama, bakinsa yana motsi maganar ta ƙi fita.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita a ganinta tsohuwar dokar ce ta motsa. "Haba Malam! Na hau teburi da ciwon gwiwata don kai, sakayyar ke nan? Na taɓa ɗin. In ka warke ka kai ni ƙara." Ta wuce kicin tana share ido da gefen mayafi.

Kwanakin da suka biyo baya ya ƙi abinci sai da rarrashi, ya ƙi kallonta. In ta kunna fitilun da safe sai ya runtse ido ya kau da kai. A cikin tankin kuwa ruwan ƙasan nan ya fara barin murjanin, rassan sama suna yin haske, suna komawa fari. Da wanda ya san abin ne, da hankalinsa ya tashi. Sista kuwa, wadda duk rayuwarta fari shi ne lafiya, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ka gani ko? Datti ne yake fita."

Ya dube ta da wani irin kallo, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

Ran nan da hantsi tana yanka albasa sai ta ji ƙarar faɗuwar abu a falo. Ta yar da wuƙar ta ruga. Kujerar ba kowa. Teburin shayi ne ya kife. Mai Firij yana can ɗaya ƙarshen falon, a tsaye, ya jingina kafaɗa da bango, gumi ya jiƙa masa riga. Mutumin da sai an ɗaga shi an ajiye, shi ne ya bi bango ya ratsa ɗaki. Hannunsa na hagu yana kan ragar sauro ta taga, yana ja kamar zai yage ta.

"Innalillahi! Malam, me kake yi? So kake ka karye?"

Ta tallafe shi. Bai yarda ya zauna ba. Ya daki ragar, ya nuna tankin. Ya sake dukan ragar, ya shimfiɗa tafin hannu a iska kamar mai rufe abu. Da ya ga har yanzu kallonsa kawai take yi, sai ya ɗora tafin a kan idanunta ya rufe su ruf. Ya ɗan jima haka. Sannan ya janye farat ɗaya, ya juya fuskarta ga fitilun. Hasken ya soke ta, ta runtse ido ta kau da kai ba shiri.

Nan ta gane. Sau nawa ta tsaya a kan wanda aka yi wa aikin ido, ta sa a ja labule kafin a kwance bandeji? Wanda ya daɗe a duhu ba a fito da shi tsakar rana. Murjanin nan ya yi wata da watanni a ƙarƙashin gajiyayyen ƙwai da gilashin da gishiri ya toshe, ita kuma ta sakar masa sababbi biyu rana ɗaya, ta kuma kankare ɗan abin da zai kare shi. Farin da take murna da shi ƙuna ce. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

"Raga ake sa masa?" ta ce. "A rage hasken?"

"To," in ji Mai Firij. "To. To." Sai a lokacin ya yarda ƙafafunsa suka saki.

Ta zaunar da shi, ta kashe fitilun, ta shiga ɗakin kayan aikinsa. Bayan tulin tsofaffin kwamfireso na firij ta samo su a naɗe, fallen raga uku da aka yanka daidai bakin tankin, gefensu duk busasshen gishiri. Ta tuna ta sha ganinsu a kan tankin lokaci lokaci, tana cewa ƙazantar Malam ce ta ƙaru. Ta kira mai shagon a waya, ya yi salati ya ce laifinsa ne. A ɗaga fitilun sama, a rage awannin kunnawa, a shimfiɗa ragar duka uku, a riƙa cire ɗaya bayan kamar mako. Wanda ya yi fari amma naman jikinsa na nan zai iya dawowa. Wanda fatarsa ta fara saɓulewa, sai haƙuri.

Daga ranar aiki ya samu shugaba. Sista ce hannu, Mai Firij ne ido. In ta ja sarƙar fitila sai ta waiwayo, ya ce "a'a" ta ƙara, ya ce "to" ta tsaya. Daga kujera ba a ganin rassan baya, don haka kullum da safe sai ya miƙe ya dafa bakin teburin tankin ya leƙa, tun yana minti ɗaya ya zube har ya kai ga sai ta ce ya isa haka. Mai tsayuwa kuwa dole ya ci abinci. Ranar da ya turo mata kwano don ƙari yake so, Sista ta koma kicin ta yi kukanta ta more.

Ba duka aka tsira da su ba. Wani mai faɗi kamar faranti, wanda ya fi kusa da fitila, ya saɓule ya bar ƙashi fari. Da ta ciro shi Mai Firij ya karɓa ya juya shi a hannu, ya daɗe, sannan ya miƙa mata. Ta ce, "Ka yafe mini, Malam." Ya ce, "To." Sauran kuwa, bayan an cire fallen farko sai ɗan launi ya fara tasowa daga gindin rassan. Bayan na biyu kore ya dawo kore, gansakuka ya ja da baya, bakin rassan nan ya fito da sabon tsiro shuɗi shar.

Akanta yana can wani gari wurin aiki duk wannan lokacin, kuma Sista da gangan ba ta gaya masa komai a waya ba. Ranar da ya ɗiba ya iso da safe, shi da mutumin da zai kwashe, da motar ɗaukar kaya cike da bokitai da robobi. Ya bar mutumin a waje ya shigo da sallama, fuskarsa irin ta wanda ya zo yin abin da ba ya so.

"Umma, mun zo. Gara a kai Baba ɗaki kafin a fara, kada ya..."

Bai ƙarasa ba. Uban yana tsaye gaban tankin, ba mai riƙe da shi. Ranar ce ranar fallen ƙarshe, kuma tun da asuba ya nuna wa Sista cewa ba ita za ta cire ba. Ya dafa da hagu. Hannun daman nan da aka fidda rai da shi ya taso a hankali yana karkarwa, yatsun suka laluba gefen ragar suka kuɓuce, suka sake laluba. Sista ta dunƙule hannayenta a cikin mayafi don kada su kai masa taimako. A karo na gaba yatsun suka kama. Ya ja, ragar ta zame ta faɗi ƙasa, haske ya sauka cikin ruwan gaba ɗayansa, tankin ya kama da launi tun daga wannan ƙarshe har wancan.

Akanta ya manta da kowa. Ya tako ya zo ya tsaya dab da gilashin, baki buɗe, ya sunkuya yana leƙen rassan, faffaɗan bayansa ya rufe rabin tankin.

Mai Firij ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Ya ja numfashi, leɓensa ya yi ta kokawa, sannan maganar ta fito, a karkace amma ba wanda bai ji ta ba.

"Kai. Matsa... ka tare... mini."

 Sista ce ta fara fashewa, dariya da kuka a haɗe, ta zauna daɓas a hannun kujera tana tafa hannu. Akanta ya juyo ya dubi ubansa, idonsa ya cika.

"Baba, me ka ce?"

"Ba ka ji ba ne?" in ji Sista tana share fuska. "Cewa ya yi ka matsa."

Ya matsa. Ya ɗan tsaya a gefen uban, kafaɗa da kafaɗa, sannan ya goge idonsa da hannun riga ya fita ya ba mutumin da ya zo kwasa haƙuri.